Gorbachev: gyara kayanka da ya zama sauke mu raba

Tambaya: Malam, gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu kan Mikhail Gorbachev. Wasu na cewa gwarzo ne da ya kashe wutar yaƙin cacar baka, wasu na cewa yaron Amurka ne da aka dasa don ya rusa Tarayyar Sobiyet. Wane ne mutumin nan, kuma wa ke da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, gardamar da kuke yi ita ake yi har gobe tsakanin Bajamushe da ɗan Rasha, don haka kada ka sa ran za ku gama ta a zama ɗaya. Na daɗe ina koyar da tarihin ƙarni na 20, kuma duk shekara in muka iso kan mutumin nan sai aji ya dare gida biyu. Abin da nake fara gaya wa ɗalibai shi ne, mai yabo da mai tsinuwa sun taru a kan kuskure guda, kowannensu na ɗauka da gangan ya rusa ƙasar. Alhali Gorbachev ɗan gurguzu ne na haƙiƙa, wanda ya karɓi mulki da nufin yi wa tsarin garambawul don ya ƙara tsawon rai, kuma har daren da ya sauka yana fafutukar ɗinke tarayyar. Mu mukan ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A hannunsa ya zama.

An haife shi ranar 2 ga Maris 1931 a ƙauyen Privolnoye da ke yankin Stavropol, ƙasar noman alkama a kudancin Rasha. Yana ɗan shekara 2 yunwar 1933 ta ci 'yan'uwan mahaifinsa uku. Kakanninsa maza biyu duk sun ɗanɗani hannun Stalin. Na wajen uba an tura shi Saiberiya saran itace saboda bai shuka abin da hukuma ta yanka masa ba. Na wajen uwa kuwa, mutumin da ya shugabanci gandun haɗin gwiwa kuma mai biyayya ga jam'iyyar kwaminis mai mulki, an kama shi a 1937, ya yi wata 14 a tsare ana gana masa azaba, ya dawo gida yana ganin ai Stalin bai san abin da ake yi da sunansa ba. Riƙe wannan a ranka, don jikan ma haka ya tashi: ya ga ta'asar da idonsa, amma ya yarda cewa tsarin mai kyau ne, masu tafiyar da shi ne suka ɓata shi. Sojojin Jamus sun mamaye ƙauyen na 'yan watanni a 1942. Bayan yaƙi ya riƙa bin mahaifinsa aikin injin girbi, har ya sami babbar lambar yabo ta ma'aikata yana ɗan shekara 18, kuma ita ta share masa hanyar shiga Jami'ar Mosko a 1950 inda ya karanta shari'a. A nan ya haɗu da Raisa, suka yi aure a 1953.

Ya koma Stavropol ya bi tsanin jam'iyya ɗaki-ɗaki, har ya zama shugabanta na yankin a 1970. Ya yi gamon katar, don wuraren shan iska masu ruwan magani da manyan Mosko ke zuwa hutu, irin su Kislovodsk, a yankinsa suke, kuma shi ne mai masaukin baƙi. A nan Yuri Andropov, shugaban hukumar leƙen asiri ta KGB, ya gan shi ya zama ubangidansa. Aka ɗauko shi zuwa Mosko a 1978 ya riƙe harkar noma, a 1980 ya zama cikakken ɗan kwamitin ƙoli. Sai tsofaffin shugabannin ƙasar suka yi ta rasuwa ɗaya bayan ɗaya: Brezhnev a 1982, Andropov a 1984, Chernenko a 1985. Ranar 11 ga Maris 1985 aka naɗa shi babban sakataren jam'iyya, wato mai mulkin ƙasar, yana da shekara 54, kuma tsohon hannu Andrei Gromyko ne ya tsayar da shi. Ka gaya wa abokanka masu maganar dashe cewa mutumin da shugaban KGB ya yi wa riƙo na shekaru, aka tankaɗe shi aka rairaye kafin kowane ƙarin girma, da wuya ya zama yaron Amurka. Bayan rushewar ƙasar an buɗe ɗimbin takardun sirri, babu wadda ta nuna hakan.

Ƙasar da ya gada ƙatuwa ce mai makaman ƙare dangi, amma ba ta iya ciyar da kanta. Tana sayar da man fetur ta sayo alkama daga waje, har daga Amurka. A 1986 farashin gangar mai ya faɗo daga kusan dala 30 zuwa wajen dala 10. Faɗuwar nan ce dai ta jefa Najeriya cikin shirin tsuke bakin aljihu a zamanin Babangida, don haka kai ma ka san zafinta. Ga yaƙin Afganistan tun ƙarshen 1979 yana cin samari da kuɗi. Ga tsarin da ofis a Mosko ke yanke farashin komai da adadin da kowace masana'anta za ta ƙera, sai a cika adadi a takarda, kanti kuwa babu takalmin da mutum zai so ya saya. Shi da kansa ya ba da labarin cewa a daren da za a naɗa shi ya ja Raisa zuwa lambu, nesa da kunnen bango, ya ce mata ba zai yiwu a ci gaba da rayuwa a haka ba. Amma a yi adalci ga masu sukarsa: a 1985 ƙasar ba a bakin kabari take ba. Babu yunwa, babu tawaye, masu adawa suna kurkuku ko gudun hijira. Da ya ga dama ya bar kaza cikin gashinta, zai iya mulki shekara da shekaru a kan ruɓar a hankali.

Matakinsa na farko da talaka ya ji a jika shi ne yaƙi da giya a watan Mayun 1985. An rage lokacin sayarwa, an ɗaga farashi, an rufe shaguna, a wasu wuraren jami'ai masu neman suna har gonakin inabi suka sare. Mace-mace sun ragu na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne. To amma harajin giya babban ginshiƙi ne na baitulmali, sai aljihun gwamnati ya huje daidai lokacin da kuɗin mai ke tsiyayewa. Jama'a suka koma dafa tasu a gida, sukari ya ɓace daga kanti. Nufi mai kyau, lissafi maras kyau. Kusan duk abin da ya taɓa a fannin tattalin arziki haka ya ƙare.

Abin da ya juya shi shi ne Chernobyl. Ranar 26 ga Afrilu 1986 tukunyar nukiliya ta fashe a Yukren, hukuma ta yi gum har sai da na'urorin Suwidin suka shinshino gubar bayan kwana biyu. An bar yara sun yi faretin ranar ma'aikata a Kiev, kuma shi kansa bai yi wa jama'a jawabi ba sai ranar 14 ga Mayu. Wannan tabo ne a kansa. Sai dai daga nan ya gane cewa ƙaryar da ake yi wa jama'a ita ake yi wa shugaba, kowane jami'i na ɓoye wa na samansa. Ya buɗe ƙofar da ya kira glasnost, wato a faɗi magana a fili, tare da perestroika, wato sake gini. A Disambar 1986 aka je aka sa wa masanin kimiyya Andrei Sakharov wayar tarho a gidan da aka killace shi a birnin Gorky, washegari Gorbachev ya buga masa da kansa ya ce ya dawo Mosko. Aka saki ɗaruruwan fursunonin siyasa. Jaridu suka fara tono kisan gillar Stalin, littattafan da aka haramta suka fito. A Maris 1989 aka yi zaɓen da a karon farko mutum zai iya kayar da ɗan takarar jam'iyya, kuma manya da dama suka sha ƙasa. Da majalisar ta zauna aka nuna ta kai tsaye a talabijin, mutane suka bar aiki suna kallon wakilai na caccakar KGB a gaban shugaban ƙasa. Kan mage ya waye, kuma tsoro, wanda shi ne igiyar da ta ɗaure ƙasar, ya tsinke.

A nan ne nake ganin babban laifinsa, kuma masoyansa na Turai ba sa son a daɗe a kai. Ya saki bakin mutane kafin ya cika musu ciki. Dokar masana'antu ta 1987 ta ba manajoji 'yancin ƙara albashi da zaɓen abin da za su ƙera, amma farashi ya zauna a hannun gwamnati. Dokar 1988 ta halatta ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, sai masu wayo suka riƙa sayen kaya a farashin gwamnati suna sayarwa ninki-ba-ninki. Gwamnati ta yi ta buga kuɗi don toshe giɓi. Aka wayi gari aljihu cike da takarda, kanti fayau. Sukari da sabulu sai da kati. Da masu haƙar kwal suka shiga yajin aiki a 1989, sabulun wanka na cikin buƙatunsu. Ya rushe tsohon tsari bai gina kasuwa ba, ya tsaya a tsakiyar kogi. A 1990 masana suka kawo masa shirin komawa kasuwa cikin kwana 500, ya karɓa, ya ja da baya, ya ce a gauraya shi da shirin gwamnati wanda ke cin karo da shi. A Janairun 1991 firaministansa Pavlov ya soke takardun rubul 50 da 100, aka ba mutane kwana 3 su canza. Wanda ya tsaya layin banki a canjin kuɗin 1984 ko na 2023 a Najeriya ba sai an yi masa bayanin irin addu'ar da aka bi gwamnati da ita ba.

Shi ya sa ake yawan gwada shi da Deng Xiaoping na Sin, wanda ya fara da manoma da kasuwa ya riƙe siyasa gam. Gwajin na da ƙamshin gaskiya, amma akwai abu biyu da ake tsallakewa. Sin ƙasar ƙananan manoma ce, ana raba musu gona amfani ya ninka; Sobiyet kuwa ƙasar manyan masana'antu ce da ma'aikatun da ke cin moriyar tsohon tsari, su ne kuma suka yi ta yi wa gyaran zagon ƙasa, har ya ga ba shi da mafita sai ya tunzura jama'a a kansu. Na biyu, hanyar Deng ta bi ta dandalin Tiananmen. Gorbachev yana Beijin a tsakiyar Mayun 1989, ɗalibai sun cika dandalin har sai a filin jirgi aka yi bikin tarbarsa. Ƙasa da mako uku bayan tafiyarsa tankoki suka shiga. Duk mai cewa da ma ya yi irin na Sin, to ya faɗi maganar har ƙarshenta.

A waje ne tauraronsa ya haska. Tun a 1984 firaministar Birtaniya Margaret Thatcher ta ce wannan mutum ne da za a iya hulɗa da shi. A Reykjavik a 1986 shi da shugaban Amurka Reagan sun kusa amincewa su kawar da makaman nukiliya baki ɗaya, shirin Amurka na kariya daga sararin samaniya ya raba su. A Disambar 1987 suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta lalata makamai masu linzami masu matsakaicin zango 2,692, kuma 1,846 daga ciki na Sobiyet ne. A Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙarshen 1988 ya sanar da rage soja 500,000 ba tare da ya nemi ramuwa ba. Ranar 15 ga Fabrairu 1989 sojansa na ƙarshe ya bar Afganistan, bayan rasa kimanin 15,000.

Sai babban lamari. A 1956 Hungari ta ɗaga kai, tankokin Mosko suka murƙushe ta. A 1968 aka yi wa Cekoslobakiya haka, kuma ɗaya daga cikin jagororin gyaran da aka murƙushe a can, Zdenek Mlynar, abokin Gorbachev ne tun a jami'a. A 1989 yana da soja sama da 300,000 a Jamus ta Gabas kaɗai. Polan ta yi zaɓe 'yan kwaminis suka faɗi, Hungari ta buɗe iyaka, mutum 70,000 suka fito zanga-zanga a birnin Leipzig na Jamus ta Gabas, ranar 9 ga Nuwamba Katangar Berlin ta faɗi, kuma sojojin nan suna bariki ba su fito ba. Ba don babu harsashi ba. Ya riga ya gaya wa shugabannin ƙasashen cewa kowa tasa ta fisshe shi, su ne ba su yarda da gaske yake ba. Wannan shawarar tasa ce shi kaɗai, ba farashin mai ne ya yanke ta ba, ba Reagan ba, kuma a kanta aka ba shi lambar Nobel a 1990.

A kanta kuma ɗan Rasha ke cewa ya yi kyauta da abin da aka saya da jinin mutum miliyan 27 a yaƙin duniya na biyu. Batun NATO ya cancanci a tsaya a kai don ana yawan murɗe shi. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 sakataren harkokin wajen Amurka James Baker ya faɗa masa cewa idan haɗaɗɗiyar Jamus ta zauna a NATO, ikon ƙungiyar ba zai matsa gabas ko da inci ɗaya ba. An faɗi wannan, yana cikin takardun ɓangarorin biyu. Amma yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Satumbar 1990 ta tsaya ne a kan yankin Jamus ta Gabas, ba ta ce komai kan Polan ko sauran ba, don a lokacin ƙawancen Warsaw, wato ƙawancen sojan Sobiyet da ƙasashen gabashin Turai, na nan da ransa. Abin da ya karɓa a hannu shi ne mak biliyan 12, kuɗin Jamus na lokacin, don kwashe sojoji da gina musu gidaje, da wani bashi a kai. Shi kansa a 2014 ya ce ba a tattauna faɗaɗa NATO ba a lokacin, amma faɗaɗawar da aka yi daga 1999 ta saɓa wa ruhin abin da aka fahimta. A ganina ba cin amana ya yi ba, sakaci ya yi. Mutumin da ya karanta shari'a ya yi cinikin gona da fatar baki, babu takarda babu shaida. Kuma ya yi cinikin ne yana neman bashi, mai roƙo kuwa ba ya tsawwala sharaɗi. Da ya je taron manyan ƙasashe 7 a Landan a Yulin 1991 neman agaji, tafi aka yi masa ya dawo hannu rabbana.

Kada kuma a ce hannunsa bai taɓa jini ba. A Alma-Ata a Disambar 1986 an murƙushe matasan Kazak da suka ƙi yarda a ɗora musu shugaba ɗan Rasha daga waje. A Tbilisi, babban birnin Jojiya, a Afrilun 1989 sojoji sun kashe kimanin mutum 20, yawancinsu mata. A Baku, babban birnin Azarbaijan, daren 19 ga Janairu 1990, bayan kwanaki ana kai wa Armeniyawa hari, tankoki suka shiga birnin bisa dokar ta-ɓaci da shi ya sa wa hannu, aka kashe sama da mutum 130. Har yau Azarbaijan na zaman makokin ranar. A Vilnius, babban birnin Lituweniya, ranar 13 ga Janairu 1991 fararen hula 14 suka mutu a hasumiyar talabijin. A Tbilisi da Vilnius ya ce bai ba da umarni ba. In gaskiya ne, shugaba ne da sojansa ke kisa ba da saninsa ba. In ba gaskiya ba ne, ka san sunan abin. Kuma ba wanda ya hukunta. Musulmin tarayyar na da hujjar tambayar me ya sa aka tausaya wa Leipzig ba a tausaya wa Baku ba. Amma a zamaninsa ne dai aka sake buɗe masallatai da aka mayar rumbuna, aka yi dokar 'yancin addini a 1990, aka maido da hulɗa da Saudiyya, aikin Hajji da a da 'yan tsiraru zaɓaɓɓu ke zuwa ya buɗe wa jama'a.

Kuskurensa na siyasa mafi tsada ya zo a Maris 1990. Ya soke sashen tsarin mulki da ya ba jam'iyya ikon mulki ita kaɗai, ya ƙirƙiri kujerar shugaban ƙasa, amma maimakon ya tsaya gaban jama'a sai ya sa majalisa ta zaɓe shi. Boris Yeltsin, wanda shi ya ɗauko shi zuwa Mosko kuma ya wulaƙanta shi ya tsige a 1987, ya tsaya zaɓen shugaban Rasha a Yunin 1991 ya ci da kashi 57 cikin 100. Sarki biyu a gari ɗaya, ɗaya da ƙuri'a ɗaya babu. Duk da haka tarayyar ba ta mutu ba tukuna. A ƙuri'ar raba gardama ta 17 ga Maris 1991 kashi 76 cikin 100 na masu zaɓe sun ce a ci gaba da zama tare, kodayake jamhuriyoyi 6 daga cikin 15 sun ƙaurace, kuma a Asiya ta Tsakiya masu cewa e sun haura kashi 90. An tsara sabuwar yarjejeniyar tarayya mai sassauci, za a sa hannu ranar 20 ga Agusta.

Ranar 18 ga wata yana hutu a Foros, a gaɓar tekun Kirimiya, ya ɗaga waya ya ji shiru. Ya ɗaga ta biyu, ta uku, duk an yanke. Waɗanda suka yi masa juyin mulkin ba baƙi ba ne: mataimakinsa Yanayev, firaminista Pavlov, ministan tsaro Yazov, ministan cikin gida Pugo, shugaban KGB Kryuchkov, har da shugaban ma'aikatan ofishinsa. Duk shi ya naɗa su, kuma ministan wajensa Shevardnadze ya yi murabus tun Disambar 1990 yana gargaɗin kama-karya na tafe. Suka ce wa duniya ba shi da lafiya. Yanayev ya zauna gaban 'yan jarida hannunsa na karkarwa, Yeltsin ya hau kan tanka a gaban majalisar Rasha, jama'a suka kewaye ginin, samari 3 suka mutu, cikin kwana 3 abin ya watse. Gorbachev kuwa yana tsare yana kama BBC a ƙaramar rediyo don jin halin da ƙasarsa ke ciki. Ya dawo Mosko ya tarar ƙasar ta sauya hannu, amma bai gane ba, har yana maganar gyara jam'iyya. Yeltsin ya tsayar da shi a gaban majalisa, a gaban kyamara, ya nuna masa takarda da yatsa ya ce karanta, kuma takardar bayanin yadda ministocinsa suka goyi bayan juyin ce.

Daga nan jamhuriyoyi suka yi ta ficewa. Yukren ta kaɗa ƙuri'ar 'yanci ranar 1 ga Disamba da sama da kashi 90. Ranar 8 ga wata Yeltsin da Kravchuk na Yukren da Shushkevich na Belarus suka haɗu a wani gidan farauta a dajin Belavezha suka rubuta cewa tarayyar ta ƙare, kuma shugaba Bush na Amurka ya riga Gorbachev jin labarin. In ana neman waɗanda suka sa hannu a takardar mutuwar, ga su nan. Ranar 25 ga Disamba 1991 ya zauna zai sa hannu a takardar murabus, bironsa ya ƙi rubutu, shugaban gidan talabijin na CNN ya ara masa nasa. A daren aka sauke jar tuta daga Kremlin.

Wahalar da ta biyo baya ita ce ta binne sunansa a gida. A 1992 farashi ya ninka fiye da sau 20, ajiyar tsofaffi ta zama toka, 'yan tsiraru suka wawashe masana'antu da rijiyoyin mai, tsawon ran namiji a Rasha ya faɗo daga kusan shekara 65 zuwa ƙasa da 58. Rashawa miliyan 25 suka kwana a gida suka tashi a ƙasar waje. Yaƙi ya ɓarke a Tajikistan da Karabak da Ceceniya. Yawancin wannan a ƙarƙashin Yeltsin aka yi, amma talaka ba ya raba asusu, wanda ya fara kwance ɗaurin shi yake tunawa. Gorbachev ya tsaya takarar shugaban Rasha a 1996 ya sami rabin kashi ɗaya cikin 100, har wani ya kai masa naushi a Omsk. A 1997 ya fito a tallar Pizza Hut don samar wa gidauniyarsa kuɗi, kuma abin dariya, tallar kanta gardamar majalisarku ce: iyali a teburi, babba na cewa shi ya jawo mana ruɗani, saurayi na cewa shi ya buɗe mana dama.

Mu a Afirka ma gaurayen gado ya bar mana. Janyewarsa daga yaƙe-yaƙen wakilci ta taimaka aka yi yarjejeniyar 1988 da ta fitar da sojojin Kuba daga Angola ta kai Namibiya ga 'yanci a Maris 1990. Gwamnatin wariyar launin fata ta rasa dodon kwaminisancin da take tsorata Turawa da shi, aka saki Mandela a Fabrairun 1990. Mengistu na Habasha ya rasa mai ba shi makami ya gudu a 1991. Kerekou na Benin ya yar da aƙidar Markisanci aka yi babban taron ƙasa a 1990, Nijar ta yi nata a 1991, kodayake a can ɗalibai da ƙungiyoyin ƙwadago ne suka yi aikin da jininsu, iskar waje taya su kawai ta yi. Ta ɗaya gefen, ƙananan ƙasashe sun rasa kishiyar da suke yi wa Amurka barazana da ita, kuma uwargida in ta rasa kishiya sai abin da ta ga dama. An fara ganin haka tun a 1990, lokacin da Mosko ta ɗaga hannu a Kwamitin Sulhu aka ba da izinin yaƙar Iraƙi.

In ka matsa mini sai na yanke hukunci, zan ce a ma'aunin abin da ya sa a gaba ya faɗi warwas: gurguzun bai gyaru ba, tarayyar ba ta tsira ba, tattalin arziki ya bar shi ya fi yadda ya same shi muni. Ya cika yarda da bakinsa, yana ganin duk wanda ya zauna da shi zai shawo kansa, kuma bai taɓa fahimtar cewa Lituweniya da Jojiya ba gyaran aure suke nema ba, saki suke so. Amma ina ba shi abu guda da nauyinsa ya fi sauran a wajena. Yugoslabiya ta wargaje a daidai wannan lokaci, ka san abin da aka yi a Bosniya. Tarayyar Sobiyet na da dubban kawunan nukiliya, da manyan makamai girke a jamhuriyoyi 4, da shugaban da har ranar ƙarshe akwatin harba su na hannunsa, kuma da ya ga riƙe mulki sai da kogin jini, ya miƙa akwatin ya tafi gida. Mutumin Baku ba zai karɓi wannan daga bakina ba, kuma ba zan yi masa musu ba.

Shekarunsa na ƙarshe ma ba su ba kowane ɓangare abin da yake so ba. Ya soki Putin kan danne 'yancin zaɓe, amma ya goyi bayan karɓe Kirimiya a 2014, har Yukren, ƙasar dangin mahaifiyarsa, ta hana shi shiga. Ya rasu ranar 30 ga Agusta 2022 yana da shekara 91, wata 6 da fara yaƙin Rasha da Yukren. Ba a yi masa cikakkiyar jana'izar ƙasa ba. Putin ya ajiye furanni a asibiti, ya ce aiki ya hana shi zuwa binnewa. Dubban mutane suka yi layi a Mosko ranar 3 ga Satumba, aka binne shi kusa da Raisa a maƙabartar Novodevichy. Wanda ya riƙe hotonsa a gaban makara shi ne Dmitry Muratov, editan Novaya Gazeta, jaridar da Gorbachev ya saya wa kwamfutocinta na farko da kuɗin Nobel ɗinsa. Bayan kwana 2 wata kotu a Mosko ta soke lasisin jaridar.